Sako Mutum na Uku Cikin Ƙarar Martani: Rikicin Mai Gida da Ɗan Haya a Bakin Iyaka



Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama a zauren shari'a ya san cewa ba safai rikicin haya yake tsayawa tsakanin mutum biyu ba. Mai gida ne yake kai ƙara, ɗan haya ne yake amsawa, amma da zarar an fara bayani sai a ji sunan wani ya faɗo: dillalin da ya haɗa cinikin, ko wakilin da yake karɓar kuɗi, ko ɗan'uwan mai gida wanda yake da rabo a gadon. Tambayar da wannan lacca za ta yi ƙoƙarin warwarewa ita ce: idan ɗan haya ya juyo ya yi ƙarar mai gida a cikin shari'ar da ake yi da shi, yaushe ne doka ta yarje masa ya sako wannan mutum na uku a cikin ƙarar tasa, ta wace hanya kuma, mene ne zai rasa idan bai yi haka ba? Za a ɗauki garin Daddara na Ƙaramar Hukumar Jibiya a matsayin fagen misali, domin zaman bakin iyaka yakan fito da wahalar wannan mas'ala fili.

Daddara da Zaman Bakin Iyaka

Daddara tana kan hanyar da ta tashi daga birnin Katsina zuwa Jibiya, hanyar da take ɓullewa Magama, ta tsallaka ƙasar Nijar ta Ɗan Isa har Maraɗi. Mutanen ɓangarorin biyu dangin juna ne, tun da yake sarakunan Katsina na Haɓe da jihadi ya kora a 1807 su ne suka kafa daular Maraɗi. Iyakar da ta raba su aikin Ingila da Faransa ne, wadda aka tsayar a yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906, aka kuma kafa mata alamu tsakanin 1906 da 1908. Saboda haka ba abin mamaki ba ne a sami wa yana zaune a Daddara, ƙanensa yana kasuwanci a Maraɗi, alhali kuwa gidan da suka gada ɗaya ne.

Arzikin wannan hanya yana rataye ne da buɗewar iyaka. An rufe iyakokin Nijeriya na ƙasa daga 1984 zuwa 1986. An sake rufe su a watan Agusta na 2019, ba a kuwa buɗe ta Jibiya ba sai a watan Afrilu na 2022. Bayan juyin mulkin Nijar na ranar 26 ga Yuli, 2023, an ƙara rufewa har zuwa watan Maris na 2024. A duk lokacin da haka ta faru ciniki yakan tsaya, kuɗin haya ya taru a kan masu shaguna da sito, amanar da aka ƙulla da baki ta fara tsinkewa, daga nan sai kotu.

Misalin Shari'a

A ƙaddara wani attajiri ya rasu ya bar sito a bakin hanya a Daddara, ba a kuwa raba gadon ba. Babban ɗansa ya ba wani mai sayar da hatsi hayar siton a kan Naira 200,000 a shekara. Da iyaka ta rufe, ɗan haya ya kasa biya yadda ya saba. Babban ɗan ya ba shi notis, sannan ya kai ƙara yana neman kuɗin shekara biyu, wato Naira 400,000, da kuma a fitar da shi daga siton.

Ɗan haya ya zo da magana uku. Ta farko, ya ce ya ba ƙanen mai ƙara Naira 150,000 daga cikin kuɗin, a gaban mutum biyu, ba tare da rasit ba. Ta biyu, ya ce ya kashe Naira 120,000 wajen sake kwanon rufi, bisa alkawarin da mai ƙara ya yi masa cewa za a cire daga kuɗin haya. Ta uku, ya ce da tsakiyar damina ƙanen nan ya zo ya garƙame siton da kwaɗo bisa umurnin yayansa, ba tare da izinin kotu ba, har mako uku, ruwa ya shiga ya lalata masa buhu 20 na wake, hasarar da ya ƙiyasta a Naira 600,000. Shi kuwa ƙanen a halin yanzu yana Maraɗi.

Kafin a yi maganar sako kowa, wajibi ne a rarrabe waɗannan maganganu uku, gama ba jinsinsu ɗaya ba. Ta farko kariya ce kurum: ɗan haya yana cewa ya biya. Idan ƙanen wakili ne da aka ba izinin karɓa, to, biyan wakili biyan mai gida ne, kuma abin da ake bukata daga ƙanen shi ne shaida. Ta biyu cire bashi ce daga bashi, abin da malaman fiƙihu suke kira muƙassa, tsakanin ɗan haya ne da mai ƙara kaɗai. Idan waɗannan biyu suka tabbata, bashin ya sauko daga Naira 400,000 zuwa Naira 130,000. Ta uku kuwa dabam take, domin a nan ɗan haya ya daina kare kansa, ya zama mai nema. Wannan ita ce ƙarar martani, a nan ne kuma maganar mutum na uku take tasowa.

Asalin Ƙarar Martani

A tsohon tsarin kotunan Ingila, wanda ake ƙara ba shi da damar neman haƙƙinsa a cikin shari'ar da aka jawo shi, sai dai ya buɗe tasa dabam. Dokar gyaran kotuna ta 1873 ce ta sauya wannan, inda sashe na 24 ya ba kotu ikon sauraron buƙatar wanda ake ƙara a kan mai ƙara, har ma da wani mutum dabam, muddin buƙatar tana da alaƙa da asalin shari'ar, an kuma sanar da mutumin yadda ya kamata. Daga can ne ƙa'idar ta shigo Nijeriya, ta zauna a cikin ƙa'idojin shari'ar farar hula na manyan kotunan jihohi. Manufarta ita ce a kashe rigima gaba ɗaya a zama ɗaya, kada a yi ta buɗe shari'u barkatai a kan abu guda, har alƙalai biyu su yanke hukunci masu karo da juna.

Kotunan Nijeriya sun sha nanata cewa ƙarar martani ƙara ce mai cin gashin kanta. Ma'anar haka ita ce, ko da mai gida ya janye ƙararsa, ko aka kore ta, ta ɗan haya tana nan daram sai an saurare ta. Haka kuma nauyin kawo hujja a kanta yana wuyan ɗan haya, tamkar shi ya fara zuwa kotu.

Sharuɗɗan Sako Mutum na Uku

Sharaɗi na farko shi ne, dole mai ƙara na asali ya kasance cikin waɗanda ake yi wa martanin. Ɗan haya ba zai bar mai gida a gefe ya yi amfani da shari'ar wajen farautar ƙanen shi kaɗai ba. In da ƙanen kaɗai yake da magana, to, ya buɗe sabuwar ƙara.

Sharaɗi na biyu, dole abin da ake nema a wurin mutum na uku ya zama yana ɗaure da mai gida a kansa, ko kuwa yana da alaƙa da abin da ake shari'a a kai. Garƙame siton nan ya cika wannan sharaɗi, tun da ana zargin ɗaya ya ba da umurni, ɗaya ya aikata. Amma da a ce ƙanen ya taɓa cin bashin ɗan haya a cinikin shanu, wannan ba shi da mazauni a shari'ar haya.

Sharaɗi na uku shi ne sanarwa. Ana ƙara sunan mutumin a kan takardar ƙarar martani, a kai masa ita tare da takardun asalin shari'ar, a ba shi lokacin da zai amsa, kamar dai wanda aka yi wa sammaci tun farko. A inda ƙa'idar kotu ta bukaci neman izini, musamman idan shari'a ta riga ta yi nisa, sai a nema da takardar rantsuwa mai bayyana dalili. Wannan ba ƙa'idar ofis ba ce kawai. Sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane mutum haƙƙin a saurare shi kafin a yanke hukunci a kan haƙƙinsa ko abin da yake wuyansa, hukuncin da aka ɗora wa wanda ba a kira ba kuwa rusasshe ne. Har ila yau kotu tana da ikon raba ƙarar martani daga ta asali idan ta ga haɗa su zai jawo jinkiri ko rikitarwa, domin bai kamata ɗan haya ya mai da sako mutane dabarar ci gaba da zama a gidan da ba ya biya ba.

Akwai wata hanya dabam wadda ake yawan rikita ta da wannan. Idan kotu ta gano cewa ƙanen ba shi da izinin karɓar Naira 150,000 ɗin nan, ɗan haya zai sake biyan mai gida, sannan ya bi ƙanen ya maido masa. Domin irin wannan ne aka tanadi takardar jawo wanda zai ɗauke wa mutum nauyin abin da aka ɗora masa. A wannan hanya ɗan haya ba ya neman kome a wurin mai gida, cewa kawai yake yi: in an kama ni, ga wanda zai biya ni.

Wane Ne Ya Zama Dole?

Mafi shaharar hukunci a kan wannan batu shi ne na Kotun Ƙoli a shari'ar Green da Green ta 1987, wadda ta taso daga rikicin sarautar wani gida a Jihar Ribas. Mai Shari'a Chukwudifu Oputa ya kasa mutanen da shari'a kan shafa kashi uku. Akwai waɗanda ya dace a sa su bisa wani dalili mai kyau, ko da ba su da rabo a abin da ake nema. Akwai waɗanda ake so a sa su, domin suna da rabo ko sakamakon zai taɓa su. Akwai kuma waɗanda ba makawa sai da su, wato waɗanda ba za a iya warware rigimar da adalci ba in ba su nan. Kafin wannan, a 1982, kotun ta duba shari'ar kamfanin Peenok da Hotel Presidential, wadda ita ma a kan kuɗin haya ce a Fatakwal, inda aka yi jayayya cewa ya kamata a sako Gwamnatin Jihar Ribas. Kotun ta nuna cewa rashin sako ta bai rusa shari'ar ba. Darasin da ke ciki shi ne, kasancewar mutum yana da labarin abin da ya faru bai mai da shi abokin shari'a ba, shaida ne kawai.

To, a wane kashi ƙanen nan yake? A bisa doka, mutum biyu da suka haɗu suka yi ɓarna, wanda aka cuta yana iya bin kowanensu ya karɓi diyyarsa gaba ɗaya. Kotun Ƙoli kuma, a shari'ar Eliochin da Mbadiwe ta 1986, ta tabbatar da cewa mai gidan da ya ɗauki doka a hannunsa ya afka wa ɗan haya ba da izinin kotu ba, ya yi ƙeta, diyya ta hau kansa. Ke nan ɗan haya yana iya tsayawa a kan mai gida shi kaɗai, shari'a ta yi daidai.

Amma fa Hausawa sun ce shari'a mace ce da ciki, ba a san abin da za ta haifa ba. A ce mai gida ya tsaya ya rantse cewa bai aiki kowa ba, ƙanensa gaban kansa ya yi, alƙali kuma ya gaskata shi. A nan ƙarar martani ta faɗi, ɗan haya ya tashi da bashin Naira 130,000 a wuya, ga hasarar Naira 600,000 babu mai biya. Sai ya koma ya buɗe sabuwar ƙara a kan ƙanen, ya sake kuɗin kotu da na lauya, ya sake tattaro shaidun da wataƙila sun watse, dokar ƙayyade lokacin kai ƙara kuma tana ƙirga masa kwanaki. Abin da ya fi muni shi ne, hukuncin farko bai ɗaure ƙanen ba, tun da ba a yi shari'ar da shi ba, saboda haka yana iya zuwa ya ce yayansa ne ya aike shi, alƙali na biyu ya gaskata shi ko ya rage abin da zai biya. Da an sako shi tun farko, da wa da ƙane sun tsaya gaban alƙali ɗaya, kowa ya faɗi tasa a kan idon ɗan'uwansa.

Mas'alar a Kotun Shari'ar Musulunci

Yawancin mutanen karkara ba Babbar Kotu suke zuwa ba. Tun daga 2000 kotunan shari'ar Musulunci suka maye gurbin kotunan yanki a Jihar Katsina, su kuma waɗancan su ne suka gaji kotunan En'e a ƙarshen shekarun 1960. Alƙalan waɗannan kotuna suna aiki ne da littattafan mazhabar Malikiyya, musamman Muhtasar na Shaihu Halil da Tuhfa ta Ibn Asim, alƙalin Garnaɗa wanda ya rasu a 1426.

A wannan tsari, aikin alƙali na farko shi ne ya gane wane ne mai da'awa, wane ne wanda ake da'awa a kansa, ba kuwa lalle ne wanda ya riga zuwa kotu ya zama mai da'awa a kowace gaɓa ba. A maganar biyan Naira 150,000 da ta lalacewar wake, ɗan haya ne mai da'awa, shi zai kawo shaidu, in ya kasa sai rantsuwa ta koma kan wanda ya musa. Rantsuwa kuwa ba a yi wa wani, don haka yayan ba zai rantse a madadin ƙanensa a kan abin da hannun ƙanen ya aikata ba. Haka nan ba a yanke wa mutum hukunci sai an yi masa i'izari, wato an tambaye shi ko yana da sauran hujja. Waɗannan ƙa'idoji biyu sun isa su nuna cewa kiran mutum na uku ba baƙon abu ba ne a fiƙihu.

Game da wanda ba ya nan, malamai sun kasa nisa kashi uku. Wanda yake kusa, kamar tafiyar kwana uku a hanya mai aminci, hukuncinsa na mazauni ne: a aika masa ya zo ko ya wakilta wani. Wanda yake tafiyar kwana goma, ko kwana biyu a hanyar da ake jin tsoro, ana iya yanke masa hukunci a bayansa bayan mai da'awa ya kawo shaidu ya kuma yi rantsuwa, ban da abin da ya shafi mallakar ƙasa ko gida. Wanda ya yi nisa ƙwarai kuwa ana yanke masa a kan kome, amma hujjarsa tana nan a ajiye har ranar da ya dawo. Abin lura ne cewa malaman nan sun sa tsoron hanya cikin lissafin nisa, lamarin da mutanen ƙasar Jibiya suka san ma'anarsa a shekarun da 'yan bindiga suka addabe su, har gwamnatin jiha ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure a 2021.

Sammaci da Iyaka

Ikon kotu yana ƙarewa ne a inda ƙasarta ta ƙare. In da ƙanen yana Kano ko Gusau, dokar tarayya ta isar da takardun kotu ta tanadi yadda za a kai masa: a rubuta a jikin sammacin cewa za a kai shi wajen jiha, a kuma ba shi aƙalla kwana 30 ya amsa. Maraɗi kuwa, duk da kusancinta, wata ƙasa ce mai tsarin shari'a irin na Faransa. Masinjan kotun Nijeriya ba shi da iko a can. Sai an nemi izinin kotu na kai takarda ƙasar waje, ko kuwa, in an tabbatar mata cewa mutumin yana da gida a Daddara yana kuma zuwa, ta yarda a isar ta wata hanya, kamar liƙawa a ƙofar gidansa. Bayan an ci shari'a kuma sai maganar karɓar kuɗi, domin hukuncin kotun Nijeriya ba ya aiki da kansa a Nijar. Abin da zai taimaki ɗan haya a misalin nan shi ne ƙanen yana da rabo a gadon da yake cikin Nijeriya. Saboda haka mai hankali yakan tambayi kansa tun kafin ya sako mutum: ina zan same shi, ina kuma dukiyarsa take?

Akwai wasu tarnaƙi biyu. Ƙananan kotuna suna da iyakar kuɗin da za su iya yin hukunci a kai, in ƙarar martani ta zarce wannan iyaka, sai ɗan haya ya yafe rarar ko ya nufi kotun da ta fi. Sannan sashe na 170 na Dokar Shaida ta 2011 ya hana ɗan haya, muddin hayar tana gudana, ya musa cewa wanda ya ba shi haya yana da iko da wurin a lokacin da aka ƙulla ta. Ke nan ba zai sako sauran magada don kawai ya nuna cewa babban ɗan ba shi ne mai siton ba. Rabon gado rigimar magada ce, tana da nata zauren.

Kammalawa

Abin da ya fito daga wannan bayani shi ne, sako mutum na uku dama ce da doka ta bayar domin a gama rigima a zama ɗaya, tana kuma da sharuɗɗa: a haɗa shi da mai ƙara, a kan abin da ya shafi shari'ar, bayan an sanar da shi. Wanda ya sako mutum ba gaira ba dalili zai biya kuɗin ɓata masa lokaci, wanda kuma ya bar wanda ya kamata ya sako yana iya cin rabin shari'a ya rasa dukiyarsa.

Ga ma'aikatan da suke kula da gidaje da shagunan gwamnati ko na ƙananan hukumomi, da ɗaliban da gobe za su zama alƙalai da lauyoyi da magatakardan kotu, darasin a bayyane yake. Dukkan wahalar da aka zayyana ta samo asali ne daga abu uku da ba a rubuta ba: wane ne yake da izinin karɓar kuɗi, wane ne zai ɗauki nauyin gyara, da kuma yadda za a yi in an kasa biya. Takarda guda mai sa hannun shaidu biyu, da rasit a kan kowane biya, da sun raba wannan gardama tun ba a je gaban alƙali ba. Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani.